Jinin wa ke cikin sauro? Fashin baƙi kan gwajin DNA da ake yi wa abincinsa

Da asuba ka ɗaga gidan sauro, ka hangi ɗaya a jikin bango ya yi tiɓis, cikinsa ja wur, ko tashi ba ya iyawa sosai. Ka kai masa tafi, ya bar maka ɗigon jini a bango. Kowa a wannan lokacin abu ɗaya yake cewa: "Ka ga jinina da ya sha." To amma wa ya ce naka ne? A gidan da akuya ke ɗaure a turke bayan ɗaki, kaji na cikin akurki, jaki na ƙofar gida, yara biyar kuma na kwance a ɗaki na kusa, wannan ɗigon yana iya zama na kowa a cikinsu. Yana ma iya zama na biyu a haɗe.

Masu binciken cututtuka sun fi shekara ɗari suna bin wannan tambaya, kuma ba don son jin ƙwaƙwaf ba. Amsarta ce ke nuna ko gidan sauro kaɗai zai wadatar a wani gari, ko kuwa ana zuba kuɗi ne a inda sauron ba ya zuwa.

Macen sauro ce kaɗai ke cizo. Namijin a kan ruwan furanni yake rayuwa har ya mutu. Ita ma macen tana shan ruwan furen don samun ƙarfin tashi, jini kuwa don ƙwai take nemansa. In ta sha sai ta sami wuri mai duhu ta lafe kwana biyu zuwa uku, jinin ya narke, ƙwai ya nuna, ta je ta zuba a kududdufi ko sawun kofaton saniya da ruwa ya kwanta, sannan ta dawo neman wani jinin. Haka take ta zagayawa har ajalinta. Ƙwayar maleriya kuma ba ta wucewa daga mutum zuwa mutum sai sauro ɗaya ya ciji mutane sau biyu: cizon farko ya ɗauko, a yi kwana 10 zuwa 14 ƙwayar tana girma a jikinsa har ta kai ga yawunsa, cizo na biyu ya sauke. In ɗaya daga cikin waɗannan cizon ya faɗa kan saniya, zance ya ƙare, domin maleriyar ɗan Adam ba ta rayuwa a jinin saniya.

Nan lissafin yake da daɗi. Ɗauki sauron da sau 9 cikin 10 mutum yake cizo, ka kwatanta shi da wanda sau 3 cikin 10 ne. Da ido za ka ce bambancinsu ninki uku ne. Amma tun da cizo biyu ake buƙata, sai ka ninka kowanne da kansa: 81 da 9. Ninki tara ke nan. Shi ya sa tun 1964 wani masani mai suna Garrett-Jones ya tsara ma'aunin kason jinin mutum a cikin saurayen da aka kama, kuma har gobe da shi ake aiki. Ɗan ƙaramin canji a ɗabi'ar cin abincin sauro babban canji ne a yawan masu kwanciya asibiti.

A ƙasarmu manyan masu yaɗa maleriya su ne Anopheles gambiae da ɗan'uwansa coluzzii, da arabiensis, da funestus. Ukun farko ko a madubin likita ba ka bambanta su, kamarsu ɗaya sak. Halinsu ne ya sha bamban. Gambiae da coluzzii mutum suke so, cikin ɗaki suke shiga, tsakar dare suke aiki. Arabiensis kuwa, wanda ya fi jure wa busasshiyar ƙasa irin ta Sahel, ba shi da zaɓe: in ya sami mutum ya sha, in saniya ce a kusa ya sha, kuma bai damu da sai ya kwana a ɗaki ba. Saboda haka mai bincike yana da tambaya biyu kan kowane sauro guda, wane ne shi, kuma wa ya ciza. DNA, wato kundin gado da ke cikin ƙwayoyin jikin kowace halitta, na amsa duka biyun daga gawa ɗaya, ƙafa ko fiffike su faɗi asalinsa, ciki ya faɗi abincinsa.

Kafin zuwan DNA akwai hanya, kuma ba a rena ta ba. A 1901 wani likitan Jamus, Paul Uhlenhuth, ya nuna cewa in ka yi ta yi wa zomo allurar jinin mutum, jikin zomon zai haɗa garkuwa, kuma ruwan jininsa in ya gamu da jinin mutum sai ya yi gajimare, in ya gamu da na wata dabba ya zauna garau. 'Yan sanda ne suka fara morar wannan, daga baya a shekarun 1920 masu binciken sauro suka ara. Matsalarta ita ce sai ka san wanda kake zargi tukuna. In ka tanadi ruwan gwajin mutum da saniya da kare, sauron kuma ya sha jinin jemage ne, ba abin da za ka gani. Dabbobi masu kusancin dangi, irin akuya da tunkiya, suna rikita ta. A shekarun 1980 aka fara amfani da wadda ta fi ta kaifi a wannan aiki, ana ce mata ELISA, amma ita ma da wannan tabon.

Da irin waɗannan tsofaffin kayan aiki aka yi babban binciken Garki, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar tsakanin 1969 da 1976 a ƙauyukan ƙasar Garki, lokacin tana jihar Kano, yanzu tana Jigawa. An yi wa ɗakuna feshi da maganin ƙwari mai suna propoxur, a wasu ƙauyukan aka haɗa da raba magani ga kowa da kowa. Ƙarfin sauro na yaɗa cuta ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar a inda aka yi feshi kaɗai bai ragu da fiye da kusan kashi 25 ba, kuma da aka daina sai cutar ta dawo inda take. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na saurayen ba ya zama a bangon da aka fesa. Ya ciza ya fice, ko ma tun farko a waje ya yi cizon. Har yau duk wanda ke karatun maleriya a duniya sai ya bi ta kan sunan Garki, alhali da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin an yi wannan aiki a ƙofar gidanmu ba.

To yaya gwajin na yanzu yake? Da kamu ake farawa, kuma aikin sammako ne. Ma'aikata su iso gida kafin rana ta ɗaga, a fitar da abinci da ruwan sha, a shimfiɗa fararen zannuwa su rufe ƙasa da gado da kan adaka, a toshe taga da ƙofa, a yi feshi. Bayan minti goma sai a naɗe zannuwan a fito da su tsakar gida, a tsuguna da ɗan hantsaki ana tsince gawarwaki ɗaya bayan ɗaya. A ware masu jan ciki, waɗanda suka sha a daren jiya. Wasu kuma da bututun tsotsa ake kama su da ransu a jikin bango, ko ƙarƙashin rumbu, ko cikin tukwanen ƙasa da aka ajiye musamman a inuwa don su shiga su lafe. Daga nan a matse cikin kowanne a kan wata takarda mai tsotse jini ta adana shi, a rubuta lamba, ko a jefa shi cikin ɗan kwalba mai ƙwayoyin busarwa.

Gaggawar tana da dalili. Tun daga lokacin da jinin ya shiga ciki hanjin sauro ya fara narkar da shi, har da DNA ɗin da ake nema. A awa 24 na farko ana samun amsa lafiya lau. Bayan awa 36 abin ya fara wuya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Nagoya ta Japan, aka wallafa a 2017, ya nuna ana iya gane mutum har kwana biyu bayan cizo, a rana ta uku kuwa babu saura. Cikin sauro shaida ne mai gaskiya, amma mai saurin mantuwa.

Sannan jinin kansa ɗan mitsitsi ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ruwa ba. Ƙari a kan haka, jajayen ƙwayoyin jinin mutum da na dabbobi masu shayarwa ba su da cibiyar da ake ajiye DNA, sai fararen ƙwayoyin, waɗanda ba su da yawa. Tsuntsaye da ƙadangaru su jajayen nasu na da cibiya, shi ya sa jinin kaza ya fi na mutum sauƙin ganewa. Dabarar da aka yi ita ce a nemi DNA na mitokondiriya, wasu 'yan ƙananan murahu da ke cikin ƙwayar halitta suna ba ta ƙarfi. Yawancin ƙwayoyin jiki na da su da yawa, kuma kowanne na da nasa ɗan kundin na DNA. Wanda ke neman allura a cikin rairayi, gara ya nemi irin da aka zubar da yawa.

Sai a kawo na'urar PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro dabararta a 1983 har ta ja masa kyautar Nobel a 1993. Aikinta kwafi. A zuba abin da aka tatso daga cikin sauron, a haɗa da wasu 'yan guntayen DNA da aka ƙera don su manne wa na dabba mai ƙashin baya kaɗai su ƙyale na sauron kansa. Na'urar ta yi zafi, ta huce, ta sake zafi, kowane zagaye abin ya ninku biyu. Zagaye 30 ya mai da ɗaya fiye da biliyan ɗaya. In dabbobin gida kawai ake nema, akwai tsarin da wasu masu bincike biyu, Kent da Norris, suka fitar a 2005, wanda gwaji ɗaya ke raba mutum da saniya da akuya da kare da alade, kowanne ya fito da layinsa a wurinsa a kan wani faranti mai kama da kafaffen kunu da aka ratsa wa lantarki. In kuma ba a san abin da za a tarar ba, sai a karanta jerin haruffan gaba ɗaya, A da T da G da C, na wani yanki mai haruffa kusan 650 da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya ba da shawara a 2003 a riƙa amfani da shi a matsayin shaidar kowace halitta. A sa jerin a kwamfuta, ta laluba rumbun bayanai irin GenBank, ta ce wannan na balbela ne, wannan na ɓera.

Wannan matakin kamar tsagar gado ce a fuska. Ka ga mutum ka ce Bagobiri ne ko Babarbare, amma tsagar ba ta gaya maka sunansa. Gane mutum takamaimai wani gwaji ne daban, za mu zo kansa.

Misalin da ya fi nuna amfanin abin daga Amurka ya fito. A 1999 cutar da ake kira West Nile ta ɓulla a New York, hankaki suna ta faɗowa matattu, mutane na kamuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Kowa ya zuba wa hankaka ido tun da shi ake gani a ƙasa. Da wani masani mai suna Kilpatrick da abokan aikinsa suka bincika cikin wasu saurayen da ake kira Culex a yankin birnin Washington, sakamakon da suka fitar a 2006 ya nuna wani tsuntsu mai jan ƙirji da ake kira robin, wanda bai kai kashi 5 cikin ɗari na tsuntsayen wurin ba, shi ke ba da sama da kashi 40 na jinin da sauron ke sha. Hankaka mutuwa yake yi, robin ne ke rainon cutar. Suka kuma lura cewa a ƙarshen bazararsu, in waɗannan tsuntsaye suka watse bayan sun gama ƙyanƙyasa, sai sauron ya juyo kan mutane, daidai lokacin da masu cutar ke ƙaruwa a asibiti. Ba wanda zai gano wannan da zama yana kallon sauro.

A wajenmu tambayar da ta fi kusa da gida ita ce ta turke. Dabba a tsakar gida kariya ce ko janyo masifa? Hankali zai ce kariya ce, tun da duk cizon da ya faɗa kan sa an rage wa yaro. Amma numfashin dabba da warinta suna kiran sauro daga nesa, kuma sauron da ya ƙoshi da jinin saniya ya sami abin yin ƙwai, gobe 'ya'yansa za su ƙaru. A sansanonin 'yan gudun hijirar Afganistan da ke Pakistan, binciken shekarun 1990 ya nuna gidajen da ke da shanu sun fi fama da maleriya. A Gambiya kuma an ga kamar yaran masu shanu sun fi lafiya, da aka duba da kyau sai aka tarar masu shanun sun fi wadata ne kawai, wadatar ce ke kare su. Amma a can Pakistan ɗin, da aka gane sauronsu jinin dabba ya fi so, sai aka juya abin: aka riƙa shafa wa shanun maganin ƙwari a jiki, zazzaɓin ya ragu kusan yadda feshin ɗaki ke rage shi, da kuɗi ƙalilan. Yanzu ma ana gwada ivermectin, maganin da makiyaya suka sani na tsutsar ciki da kaska, domin sauron da ya sha jinin dabbar da aka yi wa shi ba ya daɗewa. Duk wannan dabara ba ta da amfani a garin da sauronsa mutum kaɗai yake bi. Kafin a kashe ko sisi sai an buɗe ciki an gani.

Akwai kuma baƙo. Anopheles stephensi, sauron Indiya da ƙasashen Larabawa mai hayayyafa a tankin ruwa da rijiyoyin birni, an fara ganinsa a Jibuti a 2012, sai Habasha da Sudan a 2016, sai jihar Gombe a 2020. A Habasha yawancin waɗanda aka bincika jinin awaki da shanu aka samu a cikinsu, kuma a garken dabbobi aka fi kama su. Wanda ya san yadda ake kiwon tumaki a lungunan Kano da Zariya da Maraɗi, musamman gab da babbar salla, ya san wannan labari ya shafe mu.

Sai dai a nan ne nake ganin ya kamata mai karatu ya riƙa taka-tsantsan da duk alƙaluman da aka kawo masa. Na'ura ba ta ƙarya kan sauron da aka ba ta, amma wa ya zaɓo sauron? In a ɗakin kwana ka yi kamu, dole jinin mutum ya rinjaya. In a garke ka yi, saniya za ta rinjaya. Sauron da ya ciji mai shan iska a ƙofar gida bayan isha'i, ya tafi ya lafe a cikin danga ko kogon bishiya, shi ne mafi wuyar kamawa, kuma shi ne ainihin wanda gidan sauro ba ya tarewa. Rahoto ya ce kashi 90 jinin mutum ne, tambayar farko ita ce a ina aka kama su, a wane wata, damina ko rani. A bazara da zafi ke koro kowa waje ya kwana a tsakar gida ko kan soro, lissafin daban yake da na hunturu. Ga kuma gurɓata: gumin hannun ma'aikaci ko atishawarsa na iya sa jinin akuya ya fito a matsayin na mutum, tun da na'urar duk abin da ta samu ninka shi take. Ga cikin da ke da jini biyu, sauron da aka kora daga kan jaki ya ƙarasa a kan mai jakin, inda sau da yawa mai yawan ke danne mai kaɗan. Rumbun bayanan ma ya fi cika da halittun Turai da Amurka, ta yadda wani ƙaramin tsuntsun fadamar Hadeja zai iya fitowa da sunan ɗan'uwansa na wata nahiya.

Mataki na gaba shi ne zanen yatsa maimakon tsagar fuska. Akwai wurare a DNA na mutum da wasu haruffa ke maimaita kansu, adadin maimaicin kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. In aka duba irin waɗannan wurare goma sha wani abu, da wuya mutum biyu su zo ɗaya in ba tagwaye masu kama ɗaya ba. Masu bincike sukan ɗauki samfurin kowa a gida, da yardarsa, sannan su kwatanta da cikin saurayen da aka kama a ɗakunan. An yi haka a Indiya kan cutar tundurmi, a Tailan kan zazzaɓin denge, a Kenya da Burkina Faso kan maleriya. Abin da ake ta gani kusan iri ɗaya ne: sauro ba ya raba cizo daidai. Mutane kaɗan ne ke kwasar mafi yawan cizon, kuma manya da yara masu tasowa sun fi jarirai shansa, saboda girman jiki da yawan numfashi da warin fata. Ashe mai cewa shi sauro ya tsane shi a gidan nan ba raki yake ba, farin jini ne da shi a inda ba a so. Amfanin wannan a aikace shi ne, ɗan makarantar da ke yawo garau da ƙwayar cutar a jininsa, ba zazzaɓi ba ciwon kai, yana iya zama shi ke ciyar da saurayen unguwa da ita, alhali duk kulawar ta tafi kan 'yan ƙasa da shekara biyar da masu juna biyu, waɗanda su ne cutar ta fi kashewa. Kare wanda zai mutu da toshe inda cutar ke fitowa ba aiki ɗaya ba ne.

Amma wannan matakin yana da ƙaya, kuma mu da muka san abin da kalmar gwajin DNA ke tayarwa a gidajen aure bai kamata a ɓoye mana ba. Bayanan da ke nuna wa sauro ya ciza su ne dai ke iya nuna wane ne ya haifi wane. Kuma a irin waɗannan bincike akan sami jinin da bai dace da kowa a gidan ba. Yawanci sauron maƙwabta ne ya shigo da cikinsa cike, amma ka ga yadda magana za ta iya juyawa in ta faɗa bakin da bai dace ba. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a sa lamba a madadin suna, kuma kada a yi amfani da samfurin don wani abu ban da wanda aka nemi izini a kai. Maigidan da aka zo wa da takardar sa hannu yana da haƙƙin ya ce, "Malam, wa zai riƙe wannan bayanin, har zuwa yaushe, kuma ina za a kai jinin iyalina?"

'Yan sanda ma sun shigo ciki. A 2008 aka sace mota a garin Lapua na ƙasar Finland, aka tsince ta kusa da tashar jirgin ƙasa a Seinäjoki. Masu bincike suka ga sauro ya ƙoshi a cikin motar, suka aika da shi ɗakin gwaji, jinin ya dace da wani mutum da sunansa ke cikin kundinsu. Da aka tsare shi bai musa cewa ya shiga motar ba. Ya ce shi a hanya ya tsaya, wani direba ya rage masa hanya, a nan sauron ya cije shi.